Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Nagartarsa Ba

In ka kai mota sauyin baƙin mai a garejojin da ke gefen hanyar Tillaberi, wajen Yantala, da wuya makaniki ya tambaye ka shekarar da aka ƙera ta. Abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, a zuba 20W-50, ka san ƙasarmu zafi." Ba ƙarya ya yi ba, a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. Sai dai injin da lagiretonsa ke aiki daidai, ruwansa yana tsayawa ne wajen digiri 90, ko a Yamai yake ko a Faransa, don haka zafin gari shi kaɗai bai isa ya zaɓa maka mai ba.

Lambobin da ke jikin galan biyu ne. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake da sanyi. In ta yi ƙasa, mai zai fi saurin kaiwa saman inji da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ta biyu kaurinsa ce a digiri 100. Tsohuwar Peugeot 504 ko Starlet ta tasi da ringinta ya saki, 20W-50 ya dace da ita, yakan ma rage mata hayaƙi da shan mai. Amma Corolla ko RAV4 mai injin VVT-i, hanyoyin mai a cikinta sirara ne ƙwarai, kuma matsin man ne ke sarrafa lokacin buɗewar bawul. Ka ɗura mata mai kauri, kamar ka tura kunu ta bakin allura ne: ƙara da safe, nauyin tashi, shan fetur. Irin waɗannan yawanci 5W-30 ake rubuta musu, sababbi ma har 0W-20. Duba murfin da ake zuba mai, sau da yawa lambar na nan. In babu, nemi littafin motar a intanet da sunanta da shekararta. Wasu littattafan sun yarda a ɗan ƙara kauri a ƙasa mai zafi, amma su za su faɗa maka iyakarsa.

Sai kuma rubutun API, ma'aunin ingancin mai, a bayan galan. Harafin S na fetur ne, C na gazuwal. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma a injin fetur sabo yana maye gurbin tsoho. Ka ga SF ko SG, ajiye shi, na motocin da ne. Motocin Turai suna da nasu ma'aunin, ACEA. Ɗan kabu-kabu kuwa ya nemi JASO MA, domin kulocin babur cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kan sa shi sulɓi.

Ni a ganina, abin da ya fi kashe inji a nan ƙura ce da jabun mai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na cika iska da ƙura, ga hanyoyin cikin unguwa na yashi, ga gajerun tafiye-tafiye. Tazarar kilomita 10,000 ko 15,000 da aka rubuta wa mai mota a Turai ba taka ba ce. Da man gargajiya kada ka wuce 5,000, da sintetik kana iya ɗan ƙarawa, kuma ko motar ba ta yawo kada mai ya shekara a ciki. Duk sauyi a sauya filta, a kuma duba ta iska. Mai tsada a inji mai yagaggiyar filtar iska asarar kuɗi ce.

Man da ake aunawa daga duro a cikin kwalba, ba ka san asalinsa ba. Akwai wanda tsohon mai ne aka tace. Sayi galan mai hatimi a gidan mai ko shagon da ka amince da shi, ka ji zoben murfin ya tsinke a hannunka, ka tsaya a zuba a gabanka. Galan ɗin kuma kada ka bar shi a gareji, huda shi ko ka tafi da abinka, don irinsa ake sake cikawa.

Kowane mako, kafin ka tayar da mota, ja sandar awo a wuri mai daidai, goge, mayar, sake ja. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar, cikawa fiye da kima ma illa ce. Baƙinsa ba abin tsoro ba ne, musamman a injin gazuwal, datti yake kwashewa. Amma in ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi gaskit ne ya ƙone. Kada ka tayar, kira makaniki ya same ka a gida.