Amsoshin Tambayoyinku: Mabiyan Jim Jones Wawaye Ne?

Wata malamar makaranta daga Gusau ta rubuto mana cewa ta kalli fim kan Jim Jones, tana tambaya: yaya masu hankali ke bin mutum har ga halaka? Malama, mun gode da wannan tambaya.

Finafinai sun fi haska kwarjinin shugaba, da baƙin tabarau da zaƙin baki, amma kwarjini kaɗai ba ya riƙe jama'a. Jones ya fara ne da alheri. A cocinsa na Amurka baƙaƙe da farare suna zama sahu ɗaya a zamanin wariya, ana ciyar da talakawa, ana kula da tsofaffi. Daga baya ya kwashe mabiyansa zuwa dajin Guyana, ya karɓe fasfo, ya raba su da dangi. Lasifika na ta watsa muryarsa dare da rana.

Wani zai ce ai da hannunsu suka sha guba a 1978, ranar da fiye da mutum 900 suka mutu. To, Malama, masu gadi da makamai sun kewaye wurin, yara aka fara ɗura wa, kuma a kaset ɗin da aka naɗa a ranar ana jin wata mata, Christine Miller, tana roƙon a bar yaran su rayu, jama'a na yi mata ihu.