Kalmar "Ƙazuwa" da Ƙaiƙayin Karnuka a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa suka zama ginshiƙin arziki, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin rumbu da garke, shi ke fita da mafarauta in rani ya yi, kuma a garuruwan Maguzawa da wuya a ga gidan da babu shi. Duk da haka, idan aka ga kare yana susa har gashinsa ya zube, fatarsa ta yi kaushi, kalma guda ake yi masa, a ce ƙazuwa ta kama shi. Wannan maƙala za ta nuna cewa kalmar ta haɗe cututtuka dabam-dabam, kuma wannan haɗewa ita ke sa magani ya ƙi ci.

Ƙazuwa ta ainihi wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke kawo ta, wadda masana ke kira Sarcoptes scabiei. Ido ba ya ganinta. Takan haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai, musamman a gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba da ciki, kuma tana iya kama yaran da ke wasa da karen, ko da yake ba ta daɗewa a jikin mutum. Wannan tana warkewa sarai. Maganin ivermectin, wanda aka fara sayarwa domin dabbobi a 1981, yana kashe ta, amma sai an maimaita bayan mako 2, domin ƙwan da ke cikin fata bai mutu da allurar farko ba. Satoshi Omura na Japan da William Campbell sun sami lambar Nobel a 2015 saboda aikin da ya haifar da shi. Akwai kuma makero, wanda ke cin gashi a kewaye kamar kwabo, shi ma yana warkewa.

Abin da ke wahalar da mai kare shi ne ƙaiƙayin da ke tafiya ya dawo. A nan jikin karen ne da kansa ke yin bori a kan abin da bai dami sauran karnuka ba, kusan irin abin da Bahaushe ke kira borin jini ga ɗan Adam. Babban mai jawo shi ƙuma ce. Idan ta yi cizo takan bar miyaunta a fata, kuma ga karen da jikinsa ba ya ɗaukar wannan miyau, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci kwana da kwanaki. Alamarsa ba ta ɓuya: gashi yakan zube a gindin wutsiya da ƙugu da bayan cinya. Sau da yawa mai shi yakan duba jikin karen bai ga ƙuma ba, sai ya ce ba ita ba ce. Ai galibin zuriyarta ba a jikin karen take ba. Macen takan yi ƙwai har 50 a yini, ƙwan ya zube a inda karen ke kwana, watau gindin rumbu, ko turken awaki, ko cikin tsohon buhu, ya ƙyanƙyashe a can. Saboda haka wanke kare kaɗai aikin banza ne in ba a share makwancinsa an ƙona sharar ba, an kuma ci gaba da maganin ƙuma na wata 3 ko fiye ga dukan karnuka da kyanwoyin gidan.

Nau'i na biyu kuwa gado ne, yakan bayyana tun kare yana tsakanin wata 6 da shekara 3. Ƙura da garin furen ciyawa da ƙananan halittun da ke cikin ƙurar ɗaki da ta hatsi su ke tayar da shi. Irin wannan kare yakan yi ta lasar tafin ƙafarsa, yana goga fuska a ƙasa, kunnensa yana wari. Ya kamata mai shi ya lura da lokacin da abin ke tashi, ko da damina ne, ko lokacin sussuka, ko da hunturu. Abinci ma kan jawo ƙaiƙayi, amma gano wannan sai an tsare kare a kan abinci iri guda na mako 8, abin da ba shi da sauƙi ga karen da ke yawo a juji.

Wannan na gado ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi har ƙarshen ran dabbar. Ana yi mata wanka duk mako da sabulu mara zafi, a yi maganin gyambon da susa ta jawo, a kuma kyautata mata abinci, domin karen da ba ya samun komai sai ƙanzon tuwo da dusa fatarsa ba ta da ƙwari. Ƙwayar prednisolone tana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa ake sonta, amma in an daɗe ana ba da ita takan jawo ƙishirwa da yawan fitsari, ta raunana garkuwar jiki. Tun 2013 akwai Apoquel, wanda ya fi ta sauƙin illa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin manoma.

Saboda an ɗauka duk cutar guda ce, akan shafa wa kare baƙin mai na injin niƙa, ko a yi masa wanka da ragowar maganin feshin auduga, ko fiya-fiya. A da har da Gamalin 20 akan yi, wanda sinadarinsa ya shiga jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009. Fatar da ta tsattsage tana shan guba da sauri, karen kuma yana lashe sauran, sai a ga yana dalalar da miyau yana karkarwa, wani har ya mutu. A irin wannan hali akan yi zaton haukan kare ne, a kashe shi da sanda. Alhali rarrabe ƙazuwa da bori yakan fara ne da ɗan abu: likitan dabbobi ya kankari fatar kaɗan ya duba a madubin likita, aikin da ake koya wa ɗalibai a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ba ta kai tafiyar kilomita 100 daga Funtuwa ba.