Kula da Batirin Tarakta da Motar Ɗaukar Amfanin Gona a Lokacin da Suke Ajiye

Gabatarwa

A yankin Kafanchan da sauran sassan kudancin Jihar Kaduna, kamar Kachia, Kwoi da Kagarko, ruwan sama kan sauka tun a watan Afrilu, kuma manomin citta ya san cewa shuka da wuri ita ce ke ba da amfani mai yawa. Tarakta kan yi aikin kaftu da huɗa na 'yan makonni, daga nan sai a ajiye ta. Haka ma motar a-kori-kura da ke kwaso citta daga gona zuwa kasuwa, aikinta ya fi yawa daga watan Nuwamba zuwa cikin rani. Ranar da aka dawo neman su, sau da yawa sai a murɗa makulli a ji shiru. Tun bayan annobar cutar da ta lalata gonakin citta a shekarar 2023, manoma da yawa ba su da rarar kuɗin sayen sabon batir a daidai lokacin sayen iri da taki.

Me ya sa batir ke sauka alhali ba a aiki da shi?

Batirin mota mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma a cikin ruwan asid. Ko da ba a haɗa shi da komai ba, yana rasa kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na cajinsa a wata, kuma zafi yana hanzarta hakan. Idan zafi ya ƙaru da maki 10 a ma'aunin salshiyos, saukar takan ninka. Don haka taraktar da aka bari a rana cikin Fabrairu da Maris ta fi wadda ke ƙarƙashin rumfa saurin mutuwar batir.

Sai kuma wutar da motar ke sha a ɓoye. Rediyo, agogo da kwamfutar injin motocin zamani suna jan wuta ko an cire makulli. Idan motar na jan kashi 1 cikin 20 na amfiya, cikin kwana 30 ta cinye fiye da rabin cajin batir mai ƙarfin 60. Ƙurar hunturu da ta taru a saman batir, idan ta sami laima, ita ma hanya ce da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu.

Babbar illar ba saukar ba ce, daɗewa a sauke ne. Batirin da ya zauna makonni babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma idan ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Irin wannan batirin zai nuna ya cika a wurin mai caji, amma ya kasa juya injin dizal.

Tayar da mota a bar ta a sulo

Wannan ita ce al'adar da muka fi tararwa, kuma a ganina ita ce ta fi yaudarar mutane. Direba zai tayar da tarakta kowace Asabar, ya bar ta minti biyar, ya kashe. Tayar da inji yana cin wuta mai yawa a lokaci guda, altaneta kuwa ba ta mayar da caji sosai idan injin na sulo. Bayan wata biyu ana haka, batirin ya fi wanda ba a taɓa ba rauni, ga asarar mai. Idan za ka tayar, to ka fita da motar ta yi tafiyar aƙalla minti 30, sau ɗaya a mako ko mako biyu. Idan ba za ka iya ba, gara ka bi hanyar da ke ƙasa.

Yadda za a ajiye batir

Kada ka ajiye batir sai yana cike da caji. Bayan an kashe inji an cire makulli, kwance wayar kan da ke da alamar ragi (-) tukuna, sannan ta kan da ke da alamar tarawa (+). Wajen mayarwa kuwa, ta ragi ce ta ƙarshe. Dalili shi ne wayar ragi tana haɗe da jikin mota, kuma idan sifana ta taɓa ƙarfe kana kwance ta tarawa, tartsatsi zai tashi. Idan ajiyar ba ta wuce wata ɗaya zuwa biyu ba, cire wayar ragi kaɗai ya wadatar.

Wanke saman batirin da kawunansa da ruwan da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki, amma ka tabbata murafan a rufe suke, domin kanwa tana kashe asid idan ta shiga. Goge ya bushe, ka shafa basilin a kawunan. A batir mai murafai, ruwan ya rufe farantai da kimanin santimita ɗaya. Idan ya ragu, ƙara tataccen ruwan batir kawai. Kada a zuba ruwan rijiya, kada kuma a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da yara. Maganar da ake yi cewa siminti yana shanye cajin batir ta samo asali ne daga batiran da, masu akwatin katako. Duk da haka ɗora shi a kan katako yana kare shi daga laimar damina.

Awo da caji

Ya kamata kowane malamin gona ya riƙe ƙaramar mitar awon wuta, ya koya wa ƙungiyoyin manoma amfani da ita. Auna batirin bayan ya huta na wasu sa'o'i. Bolt 12.6 na nufin ya cika, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 kuwa rabi ne. Da zarar ya sauka zuwa 12.4, kai shi caji, kuma ka nemi a yi masa a hankali, da amfiya kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. A yi awon nan sau ɗaya a wata. Idan injin na aiki, mitar ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka, a kira rewaya ya duba altaneta da belinta.

Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, farantin sola mai wat 10 zuwa 20 yana iya riƙe batir a cike, muddin an sa masa kwantirola don kada caji ya yi yawa ya ƙafar da ruwan. Batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ban da taba ko ashana a kusa.

Taraktar ƙungiya ita ta fi shiga wannan hali, domin kowa yana zaton wani ne ke dubawa, wani lokaci ma a ɗauke batirin a kai gida ana kunna fitila da cajin waya. A ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa, ya riƙa rubuta awon kowane wata a littafi, kuma a mayar da batirin a gwada tarakta tun farkon Maris, yadda idan akwai gyara za a gama kafin ruwan farko.