Yadda Ake Shirya Fim ɗin Barkwanci da Ƙaramin Jari

Matashin Ikara ko Makarfi ko Kudan ba sai ya jira manyan furodusoshin Kano ba kafin ya shirya fim ɗin barkwanci. Tsari ake bukata, da mutunta waɗanda za a ba da labarinsu.

Da farko a rubuta labari. A ce jarumin saurayi ne mai son zama gwanin zane. Yana rubuta allunan shaguna, yana ƙawata bayan manyan motoci, hankalinsa na kan sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mahaifinsa kuwa gonar rake yake so ya riƙe. Abin dariyar yana tsakanin girman burinsa da ƙanƙantar aljihunsa.

Na biyu, a auna kowane mutum da ke cikin labarin. Finafinan camama sun daɗe suna sa ɗan daudu don a yi dariyar tafiyarsa da maganarsa, har marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu. Amma ɗan daudun da ke sayar da abinci a tasha mutum ne mai sana'a da iyaye da damuwa, kuma raha da shi daban take da wulaƙanta shi. A kuma sani cewa a 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana nuna daudu a fim, don haka a san dokar inda za a kai aikin tun kafin a kashe kwabo.

Na uku, a zaɓi wuri: kasuwar rake ta Makarfi, gonakin tumatir na Ikara, ko tashar Hunkuyi. A nemi izinin mai unguwa da sarkin kasuwa.

Na huɗu, a ɗauka da safe ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta ƙona hoto. A matso da makirufo kusa da mai magana, a kai janareta nesa, domin maganar da ba a ji ba, ba ta ba da dariya.

Na biyar, a haɗa hoto a kwamfuta, a yanke duk fitowar da ta yi tsawo.

Daga ƙarshe a nuna wa mutanen garin kafin a kai wa hukumar tacewa ko a ɗora a YouTube. Inda suka yi dariya a bar shi, inda wani ya ji an ci zarafinsa a koma a gyara.