Saiwar Black Cohosh da Ɗaukewar Al'ada

Idan mace ta doshi shekara hamsin, jinin al'ada yakan fara yi mata wasa, yau ya zo gobe ya ƙi, kafin ya ɗauke ɗungurungum. A wannan tsakani wata takan ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ko ta farka tsakar dare zaninta sharkaf da gumi. Kada a ɗora wa iska ko sammu. Sinadarin mata ne ya ragu a jiki.

Cikin magungunan da ake tallata wa mata saboda wannan akwai black cohosh, wani tsiro na dazuzzukan gabashin Amurka. Mutanen asalin ƙasar, irin su ƙabilar Cherokee, sun daɗe suna haƙo saiwarsa. A 1875 wata mata mai suna Lydia Pinkham ta fara sayar da wani tsimi na mata wanda har da saiwar a ciki, ta kuwa yi kuɗi. Jamusawa suka mayar da saiwar ƙwaya mai suna Remifemin. Kasuwarta ta ƙara buɗewa bayan 2002, sa'ad da wani babban bincike ya tsorata mata game da maganin sinadarin da likitoci ke bayarwa.

To, tana aiki? A 2006 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mata 351 a yankin Seattle tsawon shekara guda, inda aka ba wasu saiwar, wasu kuma ƙwayar da ba magani cikinta. Zafin bai ragu wa masu saiwar fiye da masu ƙwayar da ba magani ba. A 2012 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 16, ta ce babu isasshiyar hujja. Wadda ta ce ta ji sauƙi ba ƙarya ta yi ba, don zafin nan yakan lafa da kansa.

Abin lura shi ne hanta. Tun 2006 hukumomin magunguna na Turai da Ostareliya suka yi gargaɗi a kai. 'Yar'uwa, in kina sha kika ga idonki ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ga kasala da tashin zuciya, ki dakata nan take ki ga likita. Mai ciki da mai ciwon hanta su nisance ta, kuma kada a zarce wata shida ana sha.

In kuwa jini ya dawo bayan ya shekara da ɗaukewa, wannan ba aikin saiwa ba ne, a tafi asibiti a duba mahaifa.