Darasi: Ciwon Gado Ba Laifin Uwa Ba Ne

Kun san sikila. Kun san idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. To, akwai wasu cututtukan da ke bin wannan hanya. Yau za mu duba ɗaya mai suna MEPAN.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikinsu akwai mitokondiriya, wato murhun da ke mai da abinci ƙarfi. Murhun nan yana haɗa wani maiƙo na kansa domin ya yi aiki daidai. Ƙwayar gado mai suna MECR ce ke kula da matakin ƙarshe na haɗa maiƙon. Idan ta samu tangarɗa, ƙwaƙwalwa da jijiyar ido ne suka fi jin jiki. A shekarar 2016 likitoci suka fara bayyana cutar, kuma ba ta da yawa a duniya.

Tana farawa tun yaro yana ƙarami. Hannu ko ƙafa su riƙa murɗewa, tafiya ta yi wuya, harshe ya yi nauyi, daga baya gani ya ragu. Amma yawanci hankalinsa garau yake.

Ku riƙe wannan da kyau: yaro ba ya kamuwa sai ya gaji ƙwayar mai tangarɗa daga uba, ya kuma gaji wata daga uwa. Dukansu biyun lafiyarsu ƙalau, ba su ma san suna ɗauke da ita ba. Kada a ɗora wa uwa laifi.

Amma me muke gani a gidajenmu? Uwar miji tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, jikanta yana kwance a tabarma. Sai ta ce, "Mu dai kaf zuri'armu babu mai irin wannan. Daga gidansu ta kwaso mana."

Maƙwabciya ta shigo aron rariya, sai ta nemi wuri ta zauna. "Ai Hajiya, tun ranar da aka kawo ta na ce yarinyar nan a bincika danginta."

Uwar yaron tana madafa, tana share hawaye da gefen zani, wai hayaƙi ne. Yaron kuwa yana jin komai, amsawa ce kawai ta gagare shi. Maigida ya dawo ya yi gum. Kafin wata ya zagayo an miƙa mata takarda, yaro ya rasa mai ba shi abinci a baki.

Wannan maƙwabciya rariya ta zo aro, wa ya sa ta aikin likita? Kada a ɗora wa uwa laifi. Wani lokaci ma auren zumunci ne, kakansu ɗaya, to wane gida ake zagi?

Har yanzu babu maganin da ke warkar da MEPAN, amma a asibiti ana ba da magungunan sassauta murɗewar jiki, ana motsa gaɓoɓi, ana duba ido. Duk yaron da kuka ga alamun nan a jikinsa, ku kai shi likita ya gano ko mene ne.

Maigida, rabin gadon yaron nan naka ne. Ka tsawata wa masu surutu, ka ɗauki ɗanka da mahaifiyarsa ku tafi asibiti tare. Kada ka bari a ɗora mata laifi.