Yadda Ake Yanke Shawarar Sayen Batirin Sola a Utako

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, sai da ƙwaƙƙwaran dalili magidanci yake tayar da janareta. A Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya ya tsaya a kan 209.5. Waɗannan biyun ne suka sa farantan sola suka yawaita a rufin gidaje da shagunan da ke gefen titin Obafemi Awolowo, daga Jabi har cikin Utako a Abuja. Faranti dai ba a yi masa gardama. Inda ake tsayawa shi ne batir, domin sau da yawa shi ya fi komai tsada a haɗin, kuma shi ne yake riga sauran kayan mutuwa.

Faranti ba ya ajiye wuta. Rana na faɗuwa ya gama aikinsa na ranar. Akwai ma inbatar da aka ƙera don ta yi aiki tare da wutar NEPA kaɗai, wadda da zarar an ɗauke wuta ita ma za ta mutu ko da rana na tsaka, don kada ta tura wuta cikin layi ta kama ma'aikacin da ke kan turke. Mitar kati da ke yawancin gidajenmu kuma ba ta mayar wa mutum kuɗin wutar da ta yi masa rara. Saboda haka a Abuja abin da ba ka sha da rana ba, kuma ba ka ajiye ba, ya tafi ke nan.

Ka fara da littafi da biro, kafin ka taka kasuwa. Duba takardar kuɗin wutarka ta AEDC ko rasidin kati ka ga rukunin da layinku yake. A ƙa'ida Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C 12, D 8, E kuma 4. Daga nan ka ɗauki mako biyu kana rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka kawo. Lokacin ya fi yawan awannin muhimmanci. Wanda ake ɗauke wa wuta da hantsi faranti ya ishe shi da ɗan ƙaramin batir. Wanda ake ɗauke wa daga Magariba zuwa Asuba, shi ne mai buƙatar ajiya ta gaske. Mai shago a Kasuwar Utako ko mai ofis da ke rufewa ƙarfe shida bai kamata ya sayi irin batirin mai iyali ba, ko da mai haɗa solar ya ce masa, "Alhaji, a ƙara biyu kawai a huta."

Sai lissafin dare, kuma a nan nake so a zauna a natsu, don a nan kuɗi ke salwanta. Kowane kayan wuta yana da ɗan rubutu a bayansa ko a ƙarƙashinsa da ke nuna wat nawa yake ja. Ka ninka wat ɗin da awannin da zai yi yana aiki bayan faɗuwar rana. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit guda, irin wanda mita ke cirewa. A ɗauki gida mai fanka uku, kowacce wat 60, suna juyawa awa 10: yunit 1.8 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa biyar, 0.4. Talabijin da dikoda na awa huɗu, wani 0.4. Firji da ke tashi yana tsayawa cikin dare, a ba shi 0.6. An tashi da yunit 3.2. Inbata ma tana cin nata, don haka a ce yunit 4. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe a hannu.

Yanzu ka saka na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya ka ga yadda lissafin zai kife. Ita kaɗai tana iya shan yunit biyar zuwa shida a dare guda na watan Maris, wato fiye da dukan sauran kayan gidan. Ban ce kada a saka ta ba, zafin Abuja kafin saukar damina ba abin wasa ba ne. Amma mutum ya sani cewa ita ce za ta ninka masa kuɗin batir, ya shiga da idonsa a buɗe. Guga, famfon burtsatse, injin wanki da hita kuwa, a mayar da su tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, su sha kai tsaye daga faranti. Firiza ma idan ta daskare da rana ana iya kashe ta da dare.

Batir iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda ake ce wa tubula, mai bolt 12 da 200Ah. A rubuce yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kaɗai ake so a sha, wato 1.2. Kamar randa yake wadda ba a so a ga gindinta: kana yawan ƙarar da shi, kana rage masa kwana. Yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ba, kuma zafi na saurin tsufar da shi. Gidan da muka lissafa zai buƙaci huɗu. Sai na litiyom, mai bolt 51.2 da 100Ah, wanda ke ɗaukar yunit 5.12, ana kuma iya shan kashi 80 cikin 100 ko fiye ba tare da an cuce shi ba. Guda ɗaya ya ishi wannan gidan, ba ya neman ruwa, kuma masu ƙera shi suna ba shi caji dubbai.

Kada ka kwatanta su da farashin ranar saye. Ka raba kuɗin kowanne da yawan yunit ɗin da zai ba ka a rayuwarsa. Tubula guda da ya yi shekara uku yana ba da 1.2 kullum ya ba ka yunit 1,314. Litiyom da ya yi shekara takwas yana ba da 4 kullum ya ba ka 11,680. Abin da ya fito sai ka ajiye shi kusa da kuɗin yunit na mitarka, da kuma na janareta, wanda ƙaraminsa ba ya cika fitar da yunit biyu daga litar fetur. Batir ba kasafai yake kayar da wutar layi a araha ba. Janareta yake kayarwa, kuma da nisa.

Saura tambayar da mutane ke mantawa: farantanka za su iya cika shi? Faranti mai wat 550 yana ba da kusan yunit biyu a rana mai kyau a Abuja. A watan Agusta da hadari ke rufe sama, da lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan gilashin, abin yana raguwa sosai. Gidan da ke shan yunit huɗu da rana, huɗu da dare, yana son faranti biyar ko shida. Batirin da ba ya cika, musamman na ruwa, da wuri yake lalacewa. Ka tabbatar kuma inbatarka mai karɓar batir ce, kuma bolt ɗinsu ya zo ɗaya.

Wajen saye, ka nemi takardar garanti mai ɗauke da lambar batirin, ka duba ranar ƙira, domin akwai tsofaffin batura da ake wankewa a sake musu takarda. Kada a haɗa sabon tubula da tsoho. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, nesa da kicin da ɗakin kwana, a sa masa bireka da waya mai kauri.

Idan littafinka ya nuna dare ne ake barinka cikin duhu kuma kana sayen fetur duk mako, sayi batir, kuma in da hali ka yi haƙuri ka tara kuɗin litiyom. Idan aikinka na rana ne, sa kuɗin a ƙarin faranti, ka tsaya a kan ƙaramin batir da zai riƙe inbata.